Ranar da Muka Kai Marigayi Wurin Likita

'Ya'yana masu karatu, ku gyara zama. Wadda ta bar tukunya a kan wuta ta je ta rage mata tukuna, don yau bakina cike yake. Ga waɗanda suka shigo yanzu, sunana Kosara, shekarata sittin da uku, ina zaune a garin Aleksinac a gidan da mijina Milisav ya gina da hannunsa, ni a ƙasa, ɗana Gradimir da iyalinsa a sama. Milisav ya rasu shekara shida ke nan, Allah ya ji ƙansa. A ranar da zan ba ku labarinta kuwa, kwana arba'in da uku ke nan ɗan da na haifa da cikina bai ce mini ko sannu ba.

A kan me? A kan hoto.

Da aka zo yi wa Milisav dutsen kabari, Grada, haka muke kiran Gradimir, ya yi abin da 'ya'yan kirki suke yi a wurinmu. Ya sa aka yi babban baƙin dutse na mutum biyu. Gefen dama uban ne, da hotonsa da shekarunsa. Hagu kuwa ni ce, da hotona, da sunana, da shekarar haihuwata, sai ɗan layi, sai fili ana jira. Ba wanda ya tambaye ni. Na je kai furanni kawai na tarar da kaina ina kallon kaina. Kuma hoton katin shaida suka ba mai sassaƙa, wanda na ɗauka ranar da haƙori ke mini ciwo, fuska kamar an sace mini kaza.

Mai sassaƙar shi ne Vidoje. Dogo ne siriri, farin gashin baki, kullum da ƙurar dutse a girarsa. Matarsa Stanka ta riga nawa mijin tafiya. Ba ya magana. In kin ce masa ina kwana, sai ya yi tunani tukuna. To, tun bara na fara lura da wani abu. Duk Asabar ɗin tunawa da matattu da muka je maƙabarta da abinci, kamar yadda aka saba a wurinmu, sai in ga hotona ya ɗan canza. Da farko kumburin kumatun ne ya tafi, na ce ko ruwan sama ne. Daga baya haɓar nan ta biyu ta ɓace, na ce lallai ruwan bana akwai kirki. Ana nan ana nan sai ga 'yan kunne, ni da ban sa komai a kunne ba ranar hoton.

Ban faɗa wa kowa ba. Ku ma da ku ne ba za ku faɗa ba. Mace ta yi shekara arba'in ba a kallonta sai in za a tambaye ta ina gishiri, sai ga wani yana zama da guduma da kurfi yana gyara mata fuska a ɓoye.

Yaya Persida ce ta tona asiri. Yayar Milisav ce, shekararta saba'in da ɗaya, idonta ba ya gani sai abin da bai shafe ta ba. Muna tsaye gaban kabari ta ajiye faranti, ta gyara tabarau, ta ce, "Kosara, murmushin me kike yi a gefen ƙanena?"

"Ni? Ban yi murmushi ba, Yaya."

"Ba ke ba. Waccan."

Muka duba. Ga shi nan kuwa a gefen baki, ɗan ƙarami, har kumatu ya ɗan lotsa. Grada ya kalli dutse, ya kalle ni, ya juya ya kalli rumfar Vidoje da ke bakin maƙabarta. Shi kuma bawan Allah da ya ga ana kallonsa, sai ya cire hula ya ɗora a ƙirji. Kafin yamma duk unguwa ta san Kosara za ta yi aure. Daga ranar Grada ya ɗinke bakinsa.

Matakala ɗaya muke bi, fa. Ya wuce ni kamar ya wuce tsintsiya. Na gasa tattasai na yi aivar, miyar da muke shafa wa burodi, na dura a kwalabe na jera masa uku a kan matakala, washegari na tarar da su a ƙofata ko murfi ba a taɓa ba. Wanda bai san gidanmu ba ba zai gane ba. In ɗa ya dawo miki da kwalba a wanke, lafiya lau kuke. In ya dawo da ita cike, ki fara neman fadan coci ya zo ya yi addu'a. In magana ta kama dole, sai ya rubuta wa ƙanwarsa Jasna da ke aiki a ƙasar waje, a Vienna: "Ki ce wa mahaifiyarki ta bar fitilar zaure a kunne." Saƙo ya je har Vienna ya dawo, a kan matakala goma sha huɗu.

Ran nan ina ɓare wake sai ga saƙon Jasna.

"Mama, na gaji da zama gidan waya. Na kama mana lokaci wurin wata mai sasanta iyali a birnin Niš, Laraba ƙarfe goma sha ɗaya. Ina tahowa. Kar ki kawo abinci."

Na rubuta mata, "To." Na tashi na jiƙa cuku.

Ranar Laraba na sa baƙin siket ɗina na zuwa coci, da riga mai sanyi ruwan toka, da ɗankwali mai ƙananan furanni da Jasna ta kawo mini tun bara ban taɓa ɗaurawa ba. Na shafa jan baki, na goge, na sake shafawa, na goge rabi. Na ɗauki tiren wainar cuku da filas na gahawa. Ina fitowa na tarar da Yaya Persida zaune a kujerar gaba ta mota, jaka a cinya, ta riga ta ɗaura bel.

"Gwaggo, ai ba a gayyace ki ba," in ji Jasna.

"Za a yi maganar ƙanena a ce ba da ni ba? Shiga mu tafi. Kuma kar wanda ya buɗe taga."

Grada ya ja mota har Niš bai ce uffan ba. Keyarsa kawai nake kallo. Keyar ubansa ce sak, har da ninkin nan biyu.

Likitar, ta ce ita ba likita ba ce amma mu dai haka muka kira ta, sunanta Tijana. Sa'ar Jasna ce, siririya kamar ba ta da uwa. Ɗakinta a hawa na uku, kujeru a zagaye, tukwanen shuka a kowane lungu, da kwalin tishu a tsakiyar tebur, wato an riga an shirya mana kuka. Na ture kwalin na ajiye tire.

"Mama, ai da ba ku wahalar da kanku ba," in ji Tijana.

"Na ga alama, 'yar nan. Ci."

Ta ce sai an jima. Ta shimfiɗa mana doka: mutum ɗaya ke magana a lokaci guda, kuma kar wanda ya fara da "kai ne" ko "ke ce". Kowa ya fara da "ina jin".

Yaya Persida ta ɗaga hannu kamar 'yar makaranta. "Ina jin Kosara ba ta da kunya."

"Gwaggo, wannan ai hukunci ne, ba abin da mutum ke ji a jikinsa ba ne," in ji Tijana.

"Ni dai ina jin sa. Har a gwiwata."

Aka zo kan Grada. Ya juya wajen ƙanwarsa ya ce, "Ki ce wa likita ba ni da abin faɗa."

"Na ji ka ai," in ji Tijana.

"Ki ce mata na gode."

Yarinyar ta yi ɗan rubutu a littafinta. Ni kuwa da aka zo kaina na ce ina jin wainar nan za ta huce. Haka muka cinye kusan rabin lokacinmu. Sai ta ajiye biro ta ce, "Na lura akwai mutum ɗaya da duk maganar a kansa take, amma ba ya nan." Ta tashi ta jawo wata kujera da ba kowa, ta ajiye a tsakiya. "Mu ɗauka Baba Milisav na zaune a nan. Kowa ya faɗa masa abin da ke ransa."

Muka zuba wa kujerar ido.

"Ba zai zauna nan ba," in ji Yaya Persida.

"Me ya sa, Gwaggo?" Tijana ta tambaya.

"Tsakanin ƙofa da taga? Ke a ina aka rene ki? Irin wannan iskar ce ta kashe shi tun farko."

"Ciwon zuciya ne, Gwaggo," Jasna ta ce.

"To ta ina ya shiga zuciyar?"

Grada ya tashi ba tare da an sa shi ba, ya ɗauki kujerar da hannu biyu a hankali, ya kai ta gefen hitar ɗumama ɗaki. Ni kuma sai abin ya tsaya mini a rai. Mutum ya taso tun daga Aleksinac, a bar shi haka baki a bushe? Na buɗe filas na zuba masa gahawa, na sa sukari cokali biyu. Likitan zuciya ya hana shi, amma yanzu sukari me zai masa. Na yanko waina ta gefe, mai ƙamas-ƙamas ɗin da yake so, na ɗora a tishu na ajiye a hannun kujera. Grada ya zaro taba ya kai hannu aljihu yana neman ashana.

"Ba a shan taba a nan," in ji Tijana.

"Ba ni zan sha ba."

A ƙarshe aka daidaita ba za a kunna ba. Ya soka tabar a ƙasar tukunyar shuka, a tsaye, yadda muke soka masa a kan kabari.

"Ka ga mutanen Niš ke nan, Milisav," in ji Yaya Persida. "Haka suke karɓar baƙo."

"Jama'a, wannan fa misali ne kawai," Tijana ta ce. "Ba wai da gaske yana..."

"Mun sani, 'yar nan, ba mahaukata ba ne mu," na ce mata. "Rage murya, yana cin abinci."

Da aka ba shi ɗan lokaci, Yaya Persida ta fara. Ta gaya masa waɗanda suka rasu bana, ko da yake ta ce ƙila ya riga ta ganinsu. Ta gaya masa maƙwabcinmu ya sare bishiyar nan da suka yi shekara tara suna rigima a kanta. Ta kai ƙarar gwiwarta. Jasna ta ce masa ta samu lasisin tuƙi a karo na huɗu, ta yi ɗan kuka. Tijana na ta cewa, "Abin da ke rai, abin da ke rai," ba wanda ya kula ta.

Sai Grada ya jawo kujerarsa gaba, ya dafa gwiwa.

"Baba, ka ga abin da matarka take yi?"

Na ce, "Milisav, tambayi ɗanka me na yi."

"Baba, ka ce mata duk gari ya ɗauka. A wurin aiki ana tambayata yaushe ne biki."

"Milisav, ka ce masa ba ni na riƙe guduma ba."

Na ga Tijana ta ɗaga hannu za ta tsayar da mu, sai ta fasa. Ta koma ta jingina, ta miƙa hannu a hankali ta ɗauki waina. Na ce a raina, yauwa, yanzu kika fara aiki.

Ban san daga ina maganar ta taso mini ba, kawai na ji ta a bakina. "Milisav, ka ce wa ɗanka ya binne ni da raina. Na zo kawo maka furanni na tarar an rubuta ni. Da hoton ciwon haƙori. Shekara shida ina zuwa da soso ina wanke fuskar kaina a maƙabarta, ban taɓa cewa komai ba."

"Baba, ka ce mata kowa haka yake yi."

"Kowa yana tambaya tukuna."

"Ni ba a tambaye ni ba," in ji Yaya Persida.

"Yaya, ke da kanki kika zaɓi naki hoton, na lokacin kina 'yar shekara ashirin da biyu. Masu wucewa suna zaton 'yar mijinki ce ta rasu."

Jasna ta cusa fuska a tishu, kafaɗarta na rawa. Amma Grada bai yi dariya ba. Yana kallon kujerar nan, wuyansa ya yi ja. Da ya sake magana, muryar ba ta mai shekara arba'in da biyu da tumbi ba ce, ta yaron da nake wa wanka a baho ce.

"Baba, ran nan a asibiti, da Mama ta fita neman ruwan zafi, ka riƙe hannuna. Ka ce kar in bar ka kai kaɗai a can. Ka ce kai ko kasuwa ba ka iya zuwa in ba da ita ba. Na ce ba zan bar ka ba. Shi ya sa na yi dutsen. Yanzu in ta auri mai sassaƙa, can danginsa za su kai ta. Ka kwanta da rabin dutse babu kowa. Ni in na zo me zan ce maka?"

'Ya'yana, ban san da wannan ba. Shekara shida, matakala goma sha huɗu, ban sani ba. Ni ina zaton kunyar mutane yake ji, ashe kaya ne ubansa ya ɗora masa ya kama hanya.

Kujerar na fara juyawa. "Kai ma dai, Milisav, halinka sai kai. Kana da rai ba ka iya neman safarka, yanzu kuma ka sa yaro gadina."

"Mama," in ji Tijana a hankali, baki da ɓurɓushin waina, "sauran ki faɗa masa shi."

Na juya. Da ƙyar, amma na juya.

"Grada. Shi ma Vidoje yana da nasa dutsen, layi uku daga namu, a gefen Stanka, da hotonsa da gashin bakinsa. Wa ya ce maka zan je in cusa kaina a tsakaninsu? In lokaci ya yi kowa gidansa zai koma. Ni gefen ubanka zan kwanta, ya ci gaba da minsharinsa daga inda ya tsaya. Amma kafin nan, ɗana, na gaji da cin abinci a tsaye a bakin murhu. Ina son in dafa, in zauna, wani ya ce gishiri ya yi yawa."

Ya ɗago kai.

"Mama, kun yi wannan maganar da Vidoje? Ya yarda?"

Mama. Ni ya kalla, ba Jasna ba, ba kujera ba. Kwana arba'in da uku. Sai kawai na ji bakina ya ce, "Mun yi."

"To ya zo ranar Lahadi mu ci abincin rana. In gan shi da idona. Amma ba zai zauna a wurin Baba ba."

"Kuma ya goge murmushin," in ji Yaya Persida.

"Murmushin ya zauna," Grada ya ce. "'Yan kunnen ne dai suka yi yawa."

Lokaci ya cika. Abincin marigayi ba a mayar da shi gida, sai an ba wani ya ci don ransa, saboda haka muka tsare Tijana sai da ta shanye gahawar nan mai sanyi da sukarinta, ta cinye wainar. Ta ce mu dawo bayan mako biyu. Yaya Persida ta tambaye ta da Milisav ko ba da shi ba, don in da shi ne ta san inda za ta ajiye kujera. A bakin ƙofa kuma ta waiwaya ta ce, "Taso mu tafi, Milisav, kar a rufe da kai."

To, yanzu ku matso kusa, don wannan ko Jasna ba ta sani ba sai a cikin mota.

Ni da Vidoje ba mu taɓa yin wannan maganar ba. Ba mu taɓa yin kowace magana ba. Bai ce yana sona ba, bai ce zai aure ni ba, ko gahawa bai taɓa sha a gidana ba. Gari ne ya ɗaura mana aure, ni kuma daɗin abin ya hana ni musantawa. Saƙonsa uku ne a wayata kaf. Na farko: "Gansakuka ta fito a gefenki. Na wanke." Na biyu: "Za a yi ƙanƙara. Kar ki bar ruwa a tulun furanni." Na uku hoton babban yatsa ne, kuma ina kyautata zaton kuskure ne.

Muna bayan mota na nuna wa Jasna. Ta karanta, ta ja sama ko da sauran, babu. Ta kalle ni da ido waje.

"Mama," ta raɗa mini, "tun daga Vienna na taso."

"Yi shiru, yayanki zai ji."

"Rubuta masa. Yanzu, a gabana."

Na rubuta, na goge, na rubuta. A ƙarshe na tura: "Vidoje, Kosara ce. Ranar Lahadi ƙarfe ɗaya, abincin rana a gidana. Dukan iyali za su hallara."

Ba mu kai gadar fita gari ba wayar ta yi ƙara.

"Allah ya ba da haƙuri. Wa ya rasu? In taho da abin awo?"

Jasna ta ciji hannun rigarta. Ni kuwa tausayi ne ya kama ni. Shekara nawa bawan Allah nan ya yi ba a kiransa gida sai an yi mutuwa?

Na rubuta: "Ba wanda ya rasu. Bar abin awon. Kai nake gayyata."

Wayar ta nuna yana rubutu. Ya tsaya. Ya sake farawa. Ya tsaya. Muka wuce gidan mai, muka wuce gonakin masara da aka girbe, Yaya Persida ta yi barci baki buɗe, shi yana nan yana rubutu.

"Mama, me ya ce?" in ji Grada, yana kallona ta madubi. "Zai zo?"

"Yana duba ko yana da aiki."

"Ranar Lahadi? Wa ke sassaƙa ranar Lahadi?"

Sai da muka hango rufin gidajen Aleksinac saƙon ya shigo. Duk wannan rubutun, layi biyu ne.

"Zan zo. Akwai maganar da na yi shekara biyu ina riƙe da ita, amma sai a gaban ɗanki zan faɗa."

Na karanta sau uku. Na kife wayar a cinyata, na danne ta da hannu biyu.

"Zai zo," na ce.

"Madalla," in ji Grada. "Ki gaya masa ya shirya. Abin da zan fara tambayarsa ke nan, yadda kuka yi da shi kan maganar kabarin. Daga bakinsa nake son in ji."